Karen da ƙugunsa ya goce ba na mai ɗori ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da na san wasu masu karatu za su yi wa dariya tun daga kanunsa, wato jinyar kare. Ni malamin firamare ne mai ritaya, ina zaune a wani ƙauye a jihar Jigawa, kuma noma da ɗan kiwo na koma yi tun da na ajiye alli. Wani sashe na abin da zan faɗa da idona na gan shi a hunturun bara, sauran kuwa daga bakin likitan dabbobin da ya yi mana aiki na ji shi, na kuma rubuta a ɗan littafina tun a lokacin saboda gudun mantuwa.

Ƙanena mafarauci ne, gado ya yi daga mahaifinmu, kuma yana da karnuka huɗu waɗanda babbansu wani baƙi ne da ake kira Duna. Da damina Duna ne ke kwana a bakin turken awakinmu, in kankana ta nuna ya koma gadin gona, in rani ya kama kuwa ya shiga daji tare da ubangidansa. Shekara uku da muka yi da shi ko ɗan akuya ba a taɓa kwance mana ba, alhali maƙwabtanmu na gabas sau biyu ana yi musu sata. Farautar yanzu, kamar yadda kowa ya sani, ba a ƙafa ake zuwa ba. A-kori-kura ake ɗauka, a cika ta da mutane da karnuka da barandami, a nausa daji mai nisa. A hanyar dawowa ne, gab da magariba, motar ta faɗa wani rami tana cikin gudu, Duna ya wuntsilo daga baya ya bugu da ƙasa, kuma da ya miƙe da ƙafa uku ya miƙe.

Washegari da hantsi na je na duba shi a ƙarƙashin rumbu inda ya lafe. Babu jini, babu rauni a fata in ban da ɗan ƙujewa a haƙarƙari, kuma da na bi ƙashin ƙafar da yatsa tun daga dagi har cinya ban ji karaya ba. Sai dai ƙafar dama ta baya tana ɗage ba ta taɓa ƙasa, gwiwar ta juya waje, dunduniyar ta karkato ciki ƙarƙashin cikinsa, kuma in ka tsaya ta bayansa za ka ga katarar dama ta yi tudu fiye da ta hagu. Duk wanda ya ga waɗannan alamu a jikin karensa bayan faɗuwa ko bugun mota ko babur, to ya sani mai yiwuwa ne kan ƙashin cinya ya fita daga gurbinsa. Ni a ranar ban san haka ba, targaɗe na kira shi, na ce a bar shi ya huta.

Kwana biyu muka yi muna jiran targaɗe ya sake shi. A cikin kwanakin ne ƙanena, don tausayi, ya je kemis ya sayo irin ƙwayoyin ciwon jikin da shi kansa yake sha in ya dawo daga gona, ya riƙa cusa masa a cikin tuwo safe da yamma. A rana ta huɗu muka kai shi wurin mai ɗorin yankinmu, dattijon da nake girmamawa har gobe domin shi ya ɗora hannun ɗana na fari, hannun kuma ya warke sumul. Da farko ya ƙi, ya ce shi bai taɓa ɗora kare ba, sai da muka yi ta magiya sannan ya yarda a kawo shi bayan la'asar ta bayan gida, inda ba kowa zai gani ba. Mutum huɗu suka danne Duna, dattijon ya kama ƙafar ya ja da iyakar ƙarfinsa, karen yana wani irin kuka da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Muka ji wani abu ya yi ƙas, kowa ya ce ta koma. Aka shafa man shanu, aka jera kara aka ɗaure da tsumma. Kwana uku bayan haka tsumman ya zame, ƙafar tana nan yadda take, ga kumburi ya ƙaru, ga kashin karen ya koma baƙi kamar kwalta, abinci ma ya daina ci.

Malamin dabbobin da ke ɗan asibitin da ya fi kusa da mu ne ya fara faɗa mana gaskiya. Mutum ne mai ƙoƙari, amma abin da ke ɗakinsa bai wuce maganin tsutsar ciki da allurar rigakafin awaki da na kaska ba. Ya taɓa katarar ya ce gocewa ce, ya ce shi ba shi da allurar barci, ba shi da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, don haka mu nufi Kano ba tare da ƙara kwana ba. Zuwa Kanon ma sai da ya zama aiki, domin direbobi uku ne suka ƙi ɗaukarmu a tasha da suka ga abin da ke cikin buhun da muka shimfiɗa a kwando, ɗayansu har da tofar da yawu. A ƙarshe wata motar awaki ce ta ɗauke mu, ƙanena yana zaune a baya rungume da kwandon.

Rana ta tara muka shiga wurin likita. Tambayarsa ta farko ita ce, “Baba, yau kwana nawa da faɗuwar?” Da na ce tara sai ya girgiza kai, bai ce komai ba. Ya sa wa karen takunkumi da ɗan ƙyalle, domin kare mai ciwo ko ubangidansa yana iya cizo, sannan ya fara da ƙirji da ciki, ba da ƙafar da muka kawo ba. Ya ce bugun da ya isa ya fitar da ƙashin cinya daga gurbinsa ya isa ya huda huhu, ko ya fasa mafitsara, ko ya keta tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma waɗannan su ne ke kisa, gocewar ƙugu ba ta kisa. Bayan ya gamsu da wannan ne ya kama yatsana ya ɗora a kan wasu ƙasusuwa uku da ke tasowa a ƙarƙashin fata: ɗaya a gaba kusa da gadon baya, ɗaya a baya kusa da gindin wutsiya, ɗaya kuma a tsakiya, wanda shi ne tudun ƙashin cinya. A ɓangaren hagu mai lafiya sun zauna kamar duwatsun murhu, na tsakiyan yana ƙasa da sauran biyun. A ɓangaren dama kuwa na tsakiyan ya hau sama, sun jeru a layi ɗaya. Da ya miƙar da ƙafafun biyu ta baya a hankali sai ga ta dama ta gaza ta hagu tsawo.

Ga bayanin da ya yi mana, gwargwadon yadda na fahimta. Gaɓar kwatangwalo kamar turmi da taɓarya take: ƙashin ƙugu yana da gurbi mai zurfi, ƙashin cinya kuma yana da kai mulmulalle wanda ke juyawa a cikinsa. Abin da ke riƙe su shi ne wata gajeruwar jijiya mai ƙarfi kamar tsirkiya wadda ta haɗa tsakiyar kan da ƙasan gurbin, sai wata jaka ta tantani mai kauri da ta lulluɓe gaɓar baki ɗaya, sai kuma tsokokin da ke kewaye. Kan ƙashin ba ya iya fita sai jijiyar ta tsinke, jakar ta yage. Da zarar ya fita kuma, tsokokin ɗuwawu, waɗanda ƙarfinsu ne ke tura kare gaba in yana bin zomo, sai su janye shi sama zuwa gaba su riƙe shi a can, shi ya sa mafi yawan gocewar ƙugun karnuka ta wannan fuska take faruwa. Ya ce a duk gaɓoɓin jikin kare babu wadda ta kai wannan yawan gocewa, kuma mota da babur ne kan gaba wajen jawo ta.

A nan ne na gane dalilin da ya sa aikin ya fi ƙarfin mai ɗori, kome gwanintarsa. Ƙashin hannu ko na ƙauri ana iya kama shi ta sama da ƙasa, a daidaita, a tallafe da kara. Gaɓar kwatangwalo kuwa tana binne ne a cikin nama, babu inda kara zai kama ta, kuma muddin dabbar tana farke tana jin zafi, tsokokin nan ƙara ɗaurewa suke yi gwargwadon jan da aka yi musu. Mutum huɗu ba su isa su rinjaye su ba, allurar barci ce kaɗai ke sa su saki. Jan da ake yi da ƙarfi yana goge guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin, yana kuma iya taɓa babbar jijiyar da ke wucewa ta bayan gaɓar, wadda ita ke kai ji da motsi har dagi, in ta lalace kuwa ƙafar ta shanye ke nan ko da ƙashin ya koma. Bugu da ƙari, hannu ba ya iya bambance gocewa da karayar wuyan ƙashin cinya ko tsagewar gurbin kansa. Hoto ne ke bambancewa, shi ma sai an ɗauka ta fuska biyu, ɗaya karen yana rigingine, ɗaya yana kwance ta gefe.

Abin da ya fi ci mini rai, wanda kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne maganar kwanaki. Likitan ya ce da mun kawo Duna cikin kwana biyu ko uku na farko, da wataƙila ko wuƙa ba za a sa masa ba. A sa shi barci, a kwantar da shi ta gefen lafiya, mataimaki ya zarga tawul a matsematsinsa ya riƙe, likita ya juya ƙafar waje, ya ja ta ƙasa, ya juyo ta ciki yana danna tudun ƙashin, har kan ya faɗa gurbinsa. Sai a yi ta motsa gaɓar na ɗan lokaci domin a matse gudajin jinin da suka taru a ciki, a sake ɗaukar hoto a tabbatar, sannan a naɗe ƙafar a lanƙwashe da wani ɗauri da ake kira ɗaurin Ehmer, sunan likitan dabbobin Amurka da ya ƙirƙiro shi, wanda ke hana karen taka ta har kwana 10 zuwa 14. In ta ƙasa ƙashin ya goce, wanda bai cika faruwa ba, dabaibayi ake yi wa ƙafafun baya domin kada su buɗe. Bai ɓoye mana ba cewa wannan hanya kusan rabi da rabi ce, domin a cikin karnuka goma kimanin biyar ƙashin kan sake fita, kuma ɗaurin kansa yana bukatar a duba yatsu kullum saboda kumburi da gyambo. Amma kuɗinta kaɗan ne in aka gwada da tiyata, in ma ba ta yi ba ba ta hana a yi tiyatar daga baya. In an wuce kwana huɗu ko biyar kuwa, gurbin ya cika da daskararren jini da yagaggen tantani kamar turmin da aka bari a tsakar gida ƙasa ta cika shi, tsokokin sun ƙanƙance sun saba da sabon wurin, ba sauran mayarwa da hannu.

Daga nan sai tiyata, ita ma iri-iri ce, kuma abin da likita ya tarar bayan ya buɗe shi ke nuna masa wadda zai yi. Ana tsaga fata ta gefen katara, a ware tsokoki, a share gurbin tas, a mayar da kan ƙashin ana kallonsa. Sauran aikin duka na neman abin da zai riƙe shi ne har jiki ya yi nasa ɗinkin. In jakar tantanin ba ta yage da yawa ba, ita ake ɗinkewa da zare mai ƙarfi. In ta ragargaje, ana kafa ƙananan kusoshi biyu masu murɗi a leɓen gurbin, a zarga zare daga gare su zuwa wuyan ƙashin cinya, ya tsaya a madadin jakar. Akwai kuma wadda ta fi burge ni, wadda likitan ya zana mana a bayan takarda. Ana huda rami ta tsakiyar wuyan ƙashin cinya har ya ɓulla ta kan, a huda wani a ƙasan gurbin, sannan a ɗaura zaren nailan mai kauri, mai kama da wanda masunta ke ɗaura wa ƙugiya, a tsakiyar wani ɗan ƙarfe siriri, a zura ƙarfen ta ramin gurbin a tsaye, in ya wuce sai a ja zaren ya gitta ya maƙale ta ciki. Duk wanda ya taɓa ɗaura ɗan kara a bakin igiya ya zura shi cikin gora domin ya rataye ta ya san wannan dabara. Zaren sai a biyo da shi ta ramin ƙashin cinya a ƙulle ta waje, ya zama shi ne sabuwar jijiyar da ta tsinke. Ya ce irin waɗannan ayyuka in gwani ya yi su, takwas ko tara cikin goma suna zama, kuma karen kan fara taka ƙafar cikin 'yan kwanaki, sai dai dole a tsare shi daga gudu da tsalle na mako 6 zuwa 8. Sharaɗinsu ɗaya ne, wato kan ƙashin da gurbin su kasance lafiya ƙalau. Saboda haka ne ma ba su cika yi wa manyan karnukan waje da ake kiwo a birni amfani ba in an haife su da gurbi marar zurfi, cutar da ta yi yawa a cikin irinsu.

Hoton Duna bai ba mu wannan dama ba. Wani ɗan ɓalli ya ɓalle daga kan ƙashin, kuma likitan ya ce shi ba zai ɗora wa kowa laifi ba, yana iya yiwuwa tun a faɗuwar ya ɓalle, yana iya yiwuwa kuma ƙas ɗin nan da muka ji ne a bayan gidan mai ɗori. Kan da ya lalace haka in an mayar da shi, ciwon gaɓa ne zai bi karen har ƙarshen ransa. Akwai aikin da ake cire gaɓar ɗungurungum a sa ta ƙarfe da roba, irin wanda ake yi wa mutane, amma kuɗinsa ba na irinmu ba ne, ko zancensa ba mu tsawaita ba. Abin da ya rage shi ne a yanke kan ƙashin da wuyansa da ɗan zarto a fitar, a goge bakin ya yi santsi, a ɗinke. Likitoci suna taƙaita sunan wannan aiki da haruffa uku, FHO. Ƙanena da ya ji haka sai ya dube ni ya ce, “Yaya, in an yanke kan, da me zai taka?” Likitan ya yi murmushi ya ce ai zafin daga gugar ƙashi da ƙashi yake, in an raba su zafin ya tafi, tsokokin da suka hana ƙashin komawa su ne kuma za su ɗauki nauyin ƙafar, sannan cikin watanni nama mai tauri zai cika wurin ya zama gaɓa ta aro. Ya ɗora Duna a sikeli ya ga kilo 18, ya ce aikin ya fi kyau ga karen da bai wuce kimanin kilo 20 ba, kuma karnukanmu na gida, da yake ba su da teɓa kuma jikinsu duk tsoka ne, suna cikin waɗanda suka fi dacewa da shi.

Ba a yi aikin a ranar ba, sai da aka ƙara kwana uku, kuma dalilin shi ne ƙwayoyin kemis. Baƙin kashin nan jini ne daga gyambon da suka yi masa a ciki. Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan ko da sun manta da sauran wasiƙar: ibufurofen da dikilofenak da danginsu, waɗanda muke sha kamar gyaɗa, suna huda cikin kare, suna kuma lalata masa ƙoda, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Akwai magungunan kashe zafi da aka yi domin dabbobi, likita ne ke auna su da nauyin dabbar.

Jinyar bayan aikin ta zo mini da abin mamaki, domin akasin abin da na zata aka umarce mu. Wanda aka mayar wa gaɓa tsare shi ake yi, wanda aka yanke wa kan ƙashi kuwa so ake ya fara takawa da wuri, don kada naman da zai cika wurin ya sandare ƙafar ta ƙage. Muka yanke gindin wani tsohon bokitin roba muka zura masa a wuya domin kada ya lashi ɗinkin, yaran gari suka yi ta biyo shi suna dariya har aka cire zaren a kwana na 12. Safe da yamma ƙanena yakan kwantar da shi a tabarma, ya dumama katarar da tsumma mai ɗumi, ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta baya a hankali sau 20 ko 30. Daga baya muka fara jan sa da igiya a tafiyar sannu, domin in ya yi sauri ɗage ƙafar yake yi ya yi ta tsalle da uku. Da likitan ya ce a riƙa hawa da shi tudu da wurin yashi, sai na ce masa wannan kam ba sai mun saya ba, jigawar da ta ba jiharmu suna tana nan a bayan gidanmu. A mako na uku ya fara dangana yatsu a ƙasa, a wata na uku yana gudu.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a gaban idona a bakin masallaci: mutane ba su sami asibiti ba balle kare, kuma taure da buhun riɗin da muka sayar domin biyan kuɗin jinyar, da sun sayi 'yan kwikwiyo goma. Maganar farko gaskiya ce, kuma ni ma na yi jinyar uwargidana a asibitin da babu wuta, amma ban ga yadda barin kare da ƙafa uku zai ƙara wa wannan asibiti gado ko ɗaya ba. Ta biyun kuwa wanda bai taɓa horar da kare ba ne zai faɗe ta. Shekara biyu ake yi kafin kare ya san awakin gida da na waje, ya san yaran gida, ya san kiran ƙaho. Masu cewa ƙazanta ce kuma, ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da muka karanta a zaure shi ne a mazhabar Malikiyya da muke bi duk mai rai tsarkakke ne, har da kare, kuma hadisi ya yi izinin riƙe shi domin farauta da kiwo da gadin gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, kuma kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ya ajiye dabba tana yi masa aiki, haƙƙin cinta da jinyarta yana wuyansa. Kunyar a gan mu ɗauke da kare ita ta sa muka bi ta bayan gida, ita ma tana cikin abin da ya cinye mana kwanakin nan.

Ilimin wannan aiki ba baƙo ba ne a Arewa. Tun shekarun 1960 ake koyar da likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke da asibitin koyarwa na dabbobi, haka kuma akwai irinsa a jami'o'in Sakkwato da Maiduguri, kuma kowace shekara ana yaye likitoci, cikinsu har da 'ya'yanmu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan aiki kusa da talaka. Ban ce a sa na'urar hoton ƙashi a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa ko 44 na Kano ba, wannan dogon buri ne. Amma in aka samar da guda ɗaya tare da kayan allurar barci da likita mai zama a kowace masarauta, wato Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, babu ƙauyen da zai kasa isa cikin yini guda. Kuma ba kare kaɗai zai amfana ba, domin saniya ma ƙugunta yana gocewa, musamman wadda ta zame bayan haihuwa, kuma sau nawa muka ga an yanka ragon layya ko an rabu da dokin hawan sallah a kan ciwon ƙafar da ba wanda ya san ainihinsa? Akwai ma wata riba da ba a lissafawa: ranar da aka sallami Duna aka yi masa rigakafin ciwon haukan kare, wanda bai taɓa samu ba tun da aka haife shi, kuma kusan duk mutumin da wannan ciwo ya kashe daga cizon kare ya same shi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin allurar a cikin ƙasar nan, amma karen da bai taɓa taka asibiti ba ta yaya za ta same shi?

Ga sarakunan baka da shugabannin mafarauta kuma, ina ganin lokaci ya yi da za a hana ɗora karnuka sakaka a bayan mota mai gudu. Gajeruwar igiya da ba za ta bar kare ya kai bakin mota ba, ko ɗan keji na itace, ya fi taure da buhun riɗi sauƙi. Kuɗin da ake tarawa na mai da hayar mota, in aka ware wani abu daga ciki aka ajiye, ranar da wani kare ya bugu ba sai an jira ranar kasuwa an sayar da akuya kafin a tafi asibiti ba, jiran da shi kaɗai yana iya cinye kwana ukun da ake bukata. Masu ɗori kuma ina roƙonsu da girmamawa, in an kawo musu dabbar da katararta ta yi tudu, ƙafarta ta gajarce, su yi irin ƙin da dattijonmu ya yi da farko, kada magiya irin tamu ta rinjaye su. Kai kuma, ya Edita, da za ka gayyaci wani likitan dabbobi ya yi cikakken bayani a wannan shafi, ya gyara inda na yi kuskure, da masu shirye-shiryen noma da kiwo na gidajen rediyo sun samu abin karantawa ga waɗanda jarida ba ta isa gare su.

Duna yana nan da ransa. Ƙafar dama ta ɗan fi ta hagu gajarta, cinyar ba ta cika kamar da ba, kuma da sanyin asubar hunturu yakan ɗan ɗingisa kafin jikinsa ya yi ɗumi. Ƙanena ya daina hawa mota da shi, farautar kusa da gari kaɗai yake zuwa, amma a makon jiya ya kamo gafiya a bakin fadama, kuma yanzu haka da nake wannan rubutu yana kwance a bakin turken awaki.

Wassalam.

Naka,
Malamin firamare mai ritaya,
daga wani ƙauye a jihar Jigawa.